Auna gudun jirgin ruwa daga hoton rada: wace hanya ta fi dacewa da gaɓar tekun Gana?

Ɗan ƙanwata yana shekarar ƙarshe a sashen safiyo da taswira na jami'ar KNUST a Kumasi. Da ya zo hutu nan Nima, ya same ni bayan isha'i a ƙofar gida inda muke dafa shayi, ya buɗe kwamfutarsa a kan benci ya turo mini ita. Hoton teku ne baƙi da fari, daga kudu da tashar jiragen ruwa ta Tema. A tsakiya akwai wani ɗigo fari fat, jirgin dakon kaya ke nan. Can gefe kuma ga wani siririn layi mai duhu ya miƙe daga gabas, sawun da jirgin ya bari a ruwa. Amma jirgin ba ya bakin sawunsa. Ya kauce sama, kamar an ɗauke shi an ajiye a wani wuri.

Ya ce, "Kawu, ina jin manhajar ce ta yi mini ɓarna. Sau uku ina sake sarrafa hoton, haka yake fitowa."

Na ce masa ba ɓarna ba ce. Wannan ratar da ke damunsa ita ce gudun jirgin, rubuce a fuskar hoton. Muka ƙirga ɗigon hoton da ke tsakanin jirgin da layin sawun, muka sami 33. Kowane ɗigo mita 10 ne, rata ta zama mita 330. Kafin shayin ya huce mun fitar da cewa jirgin yana tafiyar not 10 ne, wato mil 10 na teku a awa, kuma yamma ya nufa.

Aikinsa na kammala karatu shi ne ya auna gudun jirage daga hotunan rada na tauraron ɗan'adam, kuma malaminsa ya bar masa zaɓin hanya. Hanyoyin da ake bi sun kai biyar, kowace da abin da take nema da abin da take bayarwa. Na ga ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba, shi ya sa na zauna na rubuta abin da muka tattauna.

Kafin hanyoyin, ga dalilin da ya sa gudu ya dame ni. Jirgin kamun kifi mai jan taru a ƙasan teku ba ya gudu in yana aiki, tsakanin not 2 zuwa 4 yake tafiya, don tarun na da nauyi. In ya naɗe tarunsa yana wucewa ne kawai, zai kai not 8 zuwa 10. Not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, wato mita 1,852. Dokar kamun kifi ta Gana ta 2002 ta keɓe wa masu kwale-kwale ruwan da ke kusa da gaɓa, ta hana manyan jiragen taru aiki a ciki. To ganin jirgi a wurin bai isa hujja ba, zai ce wucewa yake. Gudunsa ne zai nuna ko wucewa yake ko kwasar kifin masuntan Jamestown da Elmina yake. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013 kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. Duk wanda yake sayen kifi a kasuwar Nima ya san yadda farashi ya koma da yadda kifin ya ƙanƙance. Ba lissafin aji kaɗai ba ne wannan.

Tushen dukan hanyoyin, in ka cire ɗaya, abu guda ne da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Kowa ya san shi da kunnensa: ƙarar motar asibiti tana siririta in ta nufo ka, ta yi kauri in ta wuce. Na'urar da 'yan sandan hanya ke saita wa motoci a kan babbar hanyar Accra zuwa Tema da shi take aiki. Tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi mota ta dawo, in motar na tahowa sai yawan kaɗawar igiyar ya ƙaru. Ƙarin shi ne gudun sau biyu, a raba da tsawon zangon igiyar. Ga na'ura mai zangon santimita 1.24, motar da ke kilomita 50 a awa tana ƙara kaɗawa kimanin 2,240 a daƙiƙa. Abin lura shi ne na'urar tana jin ɓangaren gudun da ya nufo ta ne ko ya guje ta kawai. Motar da ta gitta ta gabanta a karkace ba ta jin cikakken gudunta. Wannan iyaka tana bin rada har sararin samaniya.

Radar tauraro irin ta Sentinel-1 tana da wata dabara a kan wannan. Tauraron yana tafe a tsayin kilomita 693, da gudun kusan kilomita 7.5 a daƙiƙa, yana kallon gefensa na dama. Don ya san matsayin abu a tsawon layin tafiyarsa, da Doppler ɗin nan yake amfani: abin da ke gabansa kaɗawarsa ta ƙaru, abin da ya bari a baya ta ragu, abin da ke daidai kafaɗarsa babu canji. Lissafin ya ginu ne a kan cewa komai a ƙasa tsaye yake. In abu yana tafiya, sai ya ƙara nasa Doppler a kan na tauraron, na'ura ta ɗauka yana gaba ko yana baya da inda yake, ta zana shi a can. Sawun jirgin yana kwance a ruwa, sai ya fito a wurinsa. Jirgin kuwa ya kauce.

Hanya ta farko ke nan, auna kaucewa, kuma a kanta zan fi daɗewa don ita nake ganin ta fi dacewa da mu.

Lissafinta bai fi na ɗan sakandare ba. Ka raba nisan da ke tsakanin tauraro da jirgi da gudun tauraron. Nisan a karkace yake, yakan kai kilomita 830 in kusurwar kallo digiri 35 ce, sai ka sami daƙiƙa 110. Ma'ana duk mita ɗaya a daƙiƙa da jirgi ke yi zuwa wajen rada, za a kautar da shi mita 110. Ratar mita 330 ta ba mu mita 3 a daƙiƙa. Amma rada daga sama take kallo a karkace, ba daga gefe a kan ruwa ba, don haka abin da take ji kashi 57 cikin 100 ne kawai na gudun a wannan kusurwa. Ka raba 3 da 0.57, ka sami kusan mita 5.3 a daƙiƙa, not 10 ke nan. Nisan da kusurwar duk suna rubuce a cikin bayanan da ke zuwa tare da hoton, ba sai ka ƙaga su ba.

Ga inda Allah ya dafa mana. Sentinel-1 yana ratsa samaniyarmu ne daga kudu zuwa arewa wajen ƙarfe 6 na yamma, ko daga arewa zuwa kudu wajen 6 na safe, da 'yar karkata kaɗan. Tunda gefe yake kallo, idonsa gabas ko yamma yake fuskanta. Gaɓar Gana kuwa daga yamma zuwa gabas ta shimfiɗe, daga iyakar Kodebuwa zuwa Aflao. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Abijan, Takoradi, Tema, Lome da Legas suna bin gaɓar ne, wato kusan kai tsaye suke nufar radar ko suke ba ta baya. A nan kaucewa ta fi girma, aunawa ta fi sauƙi. Ƙasar da gaɓarta ta miƙe daga kudu zuwa arewa ba ta sami wannan gata ba.

Har alƙibla ma tana fitowa. Jirgin da ya nufi yamma, arewa ake kautar da shi, wajen tudu. Wanda ya nufi gabas, kudu ake kai shi, cikin teku. Haka yake a hoton safe da na yamma duka, don a duk biyun tauraron dama yake kallo. Wannan yana da nauyi ga mai sa ido kan iyakar ruwan da aka keɓe: jirgin da ke tafiya yamma yana bin bakin iyaka daga waje, hoto zai iya nuna shi a ciki da mita 200 ko 300. Wanda bai san wannan ba zai ɗora wa mutum laifin da bai yi ba, ko ya wanke wanda ya yi.

Kuɗinta fa? Ko sidi ɗaya ba za ka biya ba sai na intanet. Hotunan Sentinel-1 kyauta ne a rumbun Copernicus na Tarayyar Turai, manhajar SNAP da ake buɗe su da ita ma kyauta ce. An harba Sentinel-1A a Afrilun 2014, don haka akwai hotunan shekara goma da wani abu a ajiye. Sentinel-1B ya lalace a Disambar 2021, aka harba 1C a Disambar 2024. Kowane tauraro yana dawowa kan layinsa bayan kwana 12, hoto ɗaya yana rufe faɗin kilomita 250. Nau'in fayil mai sauƙi da ake kira GRD ya isa wannan aiki, ƙaramar kwamfuta ma za ta iya da shi.

Kaifin hoton kimanin mita 20 ne. In ka yi kuskuren mita 20 wajen gane tsakiyar jirgi ko layin sawu, kuskurenka a gudu bai wuce rabin not da 'yan kai ba. Ga jirgin kwantena mai not 15, wannan ba komai ba ne.

Rauninta kuma ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye wa kowa shi ba. Dole ka ga sawun. Sawu yana bayyana ne in iska tana kaɗawa daidai wa daida, teku ta ɗan yi kaushi, sai sawun ya fito da duhu a cikinta. In iska ta kwanta tekun duka baƙa take fitowa, duhu ba ya nunawa a cikin duhu. In ta yi ƙarfi kuma raƙuman ruwa su share sawun. Abin da ya fi ciwo shi ne jirgin da muka fi so mu auna shi ne mafi raunin sawu. Jirgin taru mai tsawon mita 40 yana not 3, kaucewarsa kusan mita 100 ce, ɗigo 10, ana iya aunawa sarai, amma sawun da za a auna daga gare shi sau da yawa babu shi. Sannan jirgin da ya fito daga Tema ya miƙe kudu, tafiyarsa ta bi layin tauraron, kusan ba ya kaucewa ko kaɗan. In ya ɗan karkata kana iya gyara lissafin da alƙiblar da sawun ya nuna, amma duk yadda ya ƙara fuskantar kudu, haka ƙaramin kuskure ke kumbura ya zama babba. Wani abu kuma, ruwan da sawun ke kwance a kai shi ma tafiya yake, don igiyar tekun Gini gabas take gangarawa a gaɓarmu. Abin da kake aunawa ya fi kusa da gudun jirgi a kan ruwa, ba a kan doron ƙasa ba, sai ka tuna da haka in lambarka ta ɗan saɓa da ta GPS.

Hanya ta biyu ita ce maganin rashin sawu: a auna Doppler ɗin jirgin kai tsaye daga cikin igiyar da ta dawo. Zangon Sentinel-1 santimita 5.5 ne da ɗoriya, don haka kowace mita ɗaya a daƙiƙa tana ba da canjin kaɗawa 36 a daƙiƙa. Jirginmu mai not 10 ya ba da kusan 108, mai taru a not 3 ya ba da kusan 32. Sai ka yanko ɗigon da jirgin ya mamaye, ka duba inda tsakiyar kaɗawarsa ta faɗa, ka gwada da ta ruwan da ke kewaye da shi. Ba ka buƙatar sawu ko kaɗan.

Sai dai wannan bayani ba ya cikin fayil ɗin GRD, an zubar da shi wajen sarrafawa. Sai ka sauko da nau'in SLC, wanda ya ninka wancan girma sau huɗu ko fiye. Na taɓa kwana ina sauke irinsa, ya kai kusan ƙarshe wuta ta ɗauke, na sake daga farko washegari. Wannan ma mai sauƙi ne. Wahalar gaske ita ce, a salon ɗaukar hoto mai faɗin kilomita 250, tauraron yana karkata idonsa daga baya zuwa gaba a cikin kowane guntun hoto, wannan karkatawar kuma tana zuba nata Doppler mai girman dubbai a kan naka mai girman gomomi. Dole ka cire nata tsaf kafin ka ga naka. In ka yi kuskure kaɗan a nan, lamba za ta fito, mai kyawun gani, amma ba ta jirgin ba ce. Ga kuma tangaɗin jirgi: ƙaramin jirgi a kan manyan raƙuman ruwan da ke zuwa mana daga kudu maso yamma yana hawa yana sauka yana rangaji, duk wannan motsi ne a idon rada. Ga babban jirgi ba ya da tasiri sosai. Ga mai taru, tangaɗin zai iya kusan kai gudun da kake nema. Hanya ce ta wanda ya iya rubuta lissafi a Python kuma yana da malami mai fahimtar sarrafa igiya. Tana bambanta not 3 da not 9 in an yi ta da kyau, kuma wannan shi ne abin da ake nema, amma kada ka yi wa kowa alkawarin za ta raba not 3 da not 4.

Hanya ta uku ita kaɗai ce ba ruwanta da Doppler, kuma ita ce ta fi burge ni in ana maganar kyawun lissafi. Duk wanda ya tsaya a kan gadar Adomi ya kalli kwale-kwale mai inji yana ratsa Volta ya ga yadda sawunsa ke buɗewa kamar bakin almakashi. Lord Kelvin ya nuna a 1887 cewa a ruwa mai zurfi kowane hannu na almakashin yana buɗewa da kusurwar digiri 19.5. A tsakanin hannuwan biyu akwai raƙuman ruwa da ke bin jirgin a jere, kuma tazarar da ke tsakaninsu gudun jirgin kaɗai ke yanke ta: ka ɗauki gudun a mita a daƙiƙa, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 6.28, ka raba da 9.81. Not 10 yana ba da tazarar mita 17, not 15 mita 38, not 20 mita 68. In ka ga raƙuman, ka auna tazararsu, ka sami gudun, ko ina jirgin ya fuskanta. Ba ka buƙatar sanin nisan tauraro ko kusurwarsa.

Duba lambobin nan ka gwada da kaifin mita 20, za ka ga matsalar da kanka. Don ka ga raƙumi da kwarinsa kana buƙatar kaifin da bai wuce rabin tazarar ba. Sentinel-1 ba zai nuna maka mita 17 ba. Mai taru a not 3 kuwa tazarar raƙumansa mita ɗaya da rabi ce. Wannan hanya ta masu hoto mai kaifi ce, irin na TerraSAR-X na Jamus da aka harba a 2007, mai kaifin mita 3 ko mita 1, ko na kamfanonin kasuwa irin su ICEYE na Finland da Capella na Amurka. Waɗannan saye ake yi da kuɗin waje, kuma hoton yana da ƙunci, sai ka riga ka san inda jirgin zai kasance. Ga jiragen ruwa masu sauri tana da kyau ƙwarai. Ga matsalar kifinmu ba ta da amfani.

Ta huɗu, auna dusashewa, ita ce ke kama jirgin da ya miƙe kudu ko arewa, wanda ta farko da ta biyu suka kasa. Rada tana tara amsar abu na ɗan lokaci kafin ta haɗa shi ya zama ɗigo. In abin yana bin layin tauraron, haɗin ba ya daidaita, sai ya fito a shafe. Tsawon shafewar kimanin gudun ne sau biyu a ninka da lokacin tarawa. Sai ka riƙa gwada gudu iri-iri kana sake haɗa hoton har jirgin ya fito tas, gudun da ya fitar da shi shi ne nasa. A salon Sentinel-1 da muke samu, lokacin tarawar bai kai rubu'in daƙiƙa ba, shafewar ba ta wuce mita 2 ba a cikin kaifin mita 20, babu abin da za ka gani. Sai a hoton da tauraro ya kafe ido a wuri guda na daƙiƙu, wato dai na saye. Na ce wa yaron ya san da ita don jarrabawa, ya wuce.

Ta biyar ita ce wadda injiniyoyi suka fi yarda da ita. A sa kunnuwa biyu, wato eriya biyu, a jere, ɗaya gaba ɗaya baya, su ɗauki wuri guda daga matsayi guda amma da ɗan jinkiri tsakaninsu. Abin da ke tsaye zai fito iri ɗaya a duka biyun. Abin da ya motsa a cikin jinkirin, bambanci zai fito a zubin igiyarsa, bambancin kuma daidai yake da gudunsa. Goldstein da Zebker sun nuna ta a 1987 wajen auna tafiyar ruwan teku daga jirgin sama. TerraSAR-X yana iya raba eriyarsa mai tsawon mita 4.8 gida biyu don wannan, RADARSAT-2 na Kanada ma, wanda aka harba a Disambar 2007, yana da irin wannan salo na gwaji. Alfanunta shi ne kowane ɗigo yana ba da nasa gudun, babu neman sawu, kuma in ka san gudun za ka iya mayar da jirgin ainihin wurinsa. In ka debe hoto ɗaya daga ɗaya ma, duk abin da ke tsaye ya ɓace, mai motsi kaɗai ya rage, shi ya sa ake amfani da ita wajen motoci a kan hanya.

Amma ko ita tana da nata. Da rabin eriya, jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyar na daƙiƙa ba, mita ɗaya a daƙiƙa ba ta ba da fiye da digiri 4 na bambanci. Ga mota mai gudu ya isa, ga jirgin taru siriri ne, hayaniyar na'ura na iya haɗiye shi. In aka yi amfani da tauraro biyu masu bin juna, kamar TerraSAR-X da tagwayensa TanDEM-X da aka harba a 2010, jinkirin ya ƙaru, ji ya ƙaru, amma sai mai sauri ya zagaye ma'auni ya dawo kamar hannun agogo, ka rasa ko ƙarfe ɗaya ne na rana ko na dare. Babbar magana dai ita ce Sentinel-1 ba ya ba da irin wannan hoto. Sai an nema daga masu taurarin tun kafin a ɗauka, galibi ta hanyar haɗin gwiwar bincike. Ɗalibin da ke da wata shida a gabansa ba zai jingina digirinsa a kan takardar da bai san ranar amsarta ba.

Yaron ya tambaye ni ko zai iya juya aikin ya koma kan motocin babbar hanyar Tema, tunda ita ma gabas da yamma ta miƙe. Na ce a'a. Mota mai kilomita 100 a awa za a kautar da ita fiye da kilomita ɗaya da rabi, ta faɗa cikin rufin gidajen Ashaiman ko na Spintex inda ba za ka bambanta ta da kwano ba. Doppler ɗinta ma ya fita daga iyakar abin da ake sarrafawa, ga shi ita kanta ba ta cika ɗigo ɗaya ba. Haka kwale-kwalen katako na masuntanmu, da wuya ya fito a hoton mita 20.

Akwai tambayar da duk mai hankali zai yi: ba jirage na ɗauke da na'urar AIS mai faɗar wurinsu da gudunsu ba? Suna ɗauke da ita. Dokar hukumar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta ta ga jiragen da suka kai tan 300 masu tafiya tsakanin ƙasashe, da duk jiragen fasinja. Babban jirgi yana aika saƙo duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 in yana tafiya. In jirgi yana faɗar gaskiya, babu hanyar rada da ta kai AIS daidaito. Amma na'ura ce da ke hannun matuƙi, yana iya kashe ta. Binciken da Global Fishing Watch ta jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a Janairun 2024 bisa hotunan Sentinel-1, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa bayyana a tsarin bibiya na fili. Don haka amfanin AIS a wannan aiki shi ne ta zama ma'aunin da za ka gwada hanyarka da shi. Ka auna jirage masu AIS, ka ga yawan kuskurenka, sannan ka sami bakin magana a kan marasa ita. Ka kula da lokaci sosai wajen haɗa su: jirgi mai not 10 yana cin mita 300 a minti ɗaya, daidai girman ratar da kake aunawa. Sa'armu agogon Gana shi ne na GMT, babu ƙari babu ragi tsakaninsa da lokacin da ke rubuce a hoton.

Ga abin da na ce masa ya yi. Ya ɗauki hanya ta farko ta zama ƙashin bayan aikin. Ya tattara hotunan GRD na shekara guda a kan ruwan Tema da Takoradi, ya ware jiragen da sawunsu ya fito, ya auna, ya gwada da AIS. Ya kuma rubuta adadin waɗanda sawunsu bai fito ba, da watan, da ƙarfin iskar ranar, don wannan ma sakamako ne, kuma shi ne zai gaya wa na bayansa a wane lokaci na shekara hanyar take aiki a ruwanmu. In ya gama da sauran lokaci, ya ɗauki fayilolin SLC biyar ko shida na ranakun da ya riga ya san amsarsu, ya gwada hanya ta biyu a kan manyan jirage tukuna. In lambobin sun yi daidai, sai ya taɓa jiragen taru.

Da hukuma ce mai kasafin kuɗi ta tambaye ni, amsar za ta bambanta. Zan ce ta bar Sentinel-1 ya riƙa share faɗin teku kyauta yana nuna inda jirage marasa AIS ke taruwa, ta ajiye kuɗinta don sayen hoto mai kaifi a waɗannan wurare kaɗai, inda hanya ta biyu da ta huɗu za su haɗu su ba da gudun ta fuska biyu. Mai digiri na uku da ke da alaƙa da wata cibiyar bincike a Jamus ko Kanada shi ne zai nemi hanya ta biyar. Jami'ar Gana da ke Legon ta jagoranci ɓangaren teku na shirin GMES da Afirka, shirin sa ido kan muhalli da tauraron ɗan'adam, a yankinmu, Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki kuma tana Nungua, duk wanda aikinsa ya yi nisa ya kamata ya kai musu shi su gani.

Kafin ya koma Kumasi mun sake buɗe wasu hotuna huɗu. A ɗaya teku ta fito baƙa ƙirin, jirage kamar taurari, babu sawu ko ɗaya. A biyu mun sami jirage bakwai masu sawu, biyar sun kauce kudu, biyu arewa. Na huɗun kuwa akwai wani ƙaramin ɗigo can yamma, nesa da layin da manyan jirage ke bi, ba sawu a bayansa, ba AIS a lokacin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na ce ya rubuta ranar da wurin, shi ne na farko a jerin fayilolin SLC da zai sauke in ya isa makaranta inda intanet ta fi ƙarfi.